Tsakiya Yashi Ne

Wani ne a Anka, sau biyu yana zama jarrabawar shiga jami'a, sau biyu tana koro shi gida. Ba lissafi ke kayar da shi ba. Turanci ne, Turancin ma wurin auna fahimta, inda ake shimfiɗa maka dogon bayani ka karanta, sannan a biyo ka da tambayoyi, kowace da zaɓi huɗu. Gogan naku sai ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfuta yana bin layi yana motsa baki. Kafin ya kai rabi, lokaci ya cika, kwamfuta ta rufe fuskarta ta bar shi da yatsa a miƙe.

Amma fa duk da haka ya riga ya sayi baƙar jaka mai zip uku. Ya sayi tabarau wanda ba na magani ba. In ya zo majalisa sai ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa, in an tambaye shi wace jami'a za shi, ya gyara tabarau ya ce, "Ana kan tattaunawa."

Da shekara ta zagayo, uban nasa, Malam Makau, ya kira shi zaure. Ya tarar da tsohon zaune kan buzu, ga wata sabuwar galma jingine da bango, bakinta sai ƙyalli take.

"Ka ga wagga galma?"

"Na gani, Baba."

"Jiya maƙeri yag gama ta. Ba wanda yat taɓa riƙa ta. Taka ta."

"Baba, ai ni..."

"Wanga karo shi na na ukku, kuma shi na na ƙarshe. In ka ci, ka tahi jami'arka, in rataye galma bisa rumbu. In ba ka ci ba, gonar fadama na nan na jiranka, daga ruwan hwari har girbi. Ka aje jaka, ka aje madubin idon ga."

Gogan ya kalli galma, galma ta kalle shi. Washegari ya shiga lasin, wato darasin share fagen jarrabawa.

Mai lasin ɗin wani ne Malam Nuraddeen, wanda ya yi shekara biyu a Kano ya dawo da Hausar rediyo. Ba ya magana sai ya ja wando sama, ya buga alli a allo sau uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya ce, "Ku lura da kyau, jama'a masu sauraro." Alhali su goma sha ɗaya ne a wani shago bayan la'asar, har da ƙanwar gogan, Mansura, wadda wannan ne zamanta na farko.

Ranar da aka zo kan auna fahimta, Malam ya ja wando, ya buga alli.

"Ku lura da kyau. Kun taɓa ganin masu wankin zinare?"

"Mun gani, Malam!"

"Buhu guda na ƙasa za su wanke, abin da ake nema bai fi ƙwayar gero ba. To haka bayanin jarrabawa yake. Ina zinaren yake? Layin farko da layin ƙarshe. Tsakiya, yawanci, yashi ne."

Gogan ya zabura kamar an mintsine shi. Shekara biyu ashe yashi yake ta ci! Ya zaro biro ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya ja layi uku a ƙarƙashi.

"Dabara ta biyu," in ji Malam. "Abin da ka sani daga gida, ka bar shi a gida. In bayani ya ce jaki yana da ƙaho, to a ɗakin jarrabawa jaki yana da ƙaho. Kada ka ce ai jakin babanka ba shi da shi. Ba a tambaye ka jakin babanka ba."

Aka yi dariya. Gogan bai yi ba, rubutu yake.

"Dabara ta uku. In amsa ta shige maka duhu, kada ka tsaya neman ta gaskiya, kori na ƙarya. Wadda ta zo da sauƙi ƙwarai, ka yi mata kallon tarko. Wadda ta yi nisa da yawa, kore ta. In biyu suka rage ka rasa ta ɗauka, sau da yawa doguwar ce. Amma, ku lura da kyau, jama'a masu sauraro..."

Nan wayar gogan ta ɗau kuka. Abokinsa Usama ne, yana son a yi musun ƙwallon jiya. Gogan ya fice yana cewa, "Kai, wallahi ba bugun daga kai sai mai tsaron gida ba ne!"

Yana waje Malam ya yi bayani mai tsawo. Ya ce layin farko da na ƙarshe leƙe ne kawai, don ka san inda bayani ya dosa. Ya ce bayan leƙen dole ka koma ka karanta komai a tsanake, domin amsoshi da yawa a tsakiyar suke kwance. Ya ce zancen doguwar amsa kuwa sai in lokaci ya ƙure, ba ka da sauran dabara. Mansura ta rubuta duka, har biro ya yi mata shati a yatsa.

Gogan ya dawo daidai lokacin da Malam yake kakkaɓe alli daga hannu yana cewa, "To, duk wanda ya riƙe wannan, ya ci jarrabawa."

A hanya Mansura ta ce, "Yaya, ka rasa wuri mai muhimmanci hwa. Ga littahina ka kwafa."

"Na ji farko?"

"Ka ji."

"Na ji ƙarshe?"

"Ka ji, amma..."

"To mi yar rage? Yashi. Ke riƙe yashinki."

Tun daga ranar gidan Malam Makau bai sake zama lafiya ba. Gogan ya ce dabara sai da gwaji, kuma duk maganar da aka yi masa bayani ce.

Ranar Laraba Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ta kira shi.

"Kai, zo in aike ka. Tahi gidan Goggonka Zaliha."

Gogan ya kama layin farko, ya sa a aljihu. Daga nan ya toshe kunne daga ciki, ya ɗaga ido sama yana ƙirga tsuntsaye. Inna kuwa ta ci gaba da jero saƙo. Ta ce ya gaishe ta da jiki. Ya ce mata an gode da daddawar da ta aiko. Ya ce mata baƙar akuyar nan tata mai ciki ta sake shigowa jiya ta cinye zogalen bayan ɗaki tas, don Allah ta sa a riƙa ɗaure ta. Ta ƙare da wasa irin na tsofaffi, tana dariya: "Ka ce mata in tas sake shigowa, ni da kaina za ni kiran Sambo mahauci a yanka akuyar."

Kunnen gogan ya buɗe daidai kan "kiran Sambo mahauci a yanka akuyar."

"Na gane, Inna."

"Mi kag gane? Maimaita in ji."

"Inna, maimaici ɓata lokaci na. Minti ɗaya ake ba kowace tambaya."

Bai zame ko'ina ba sai rumfar Sambo. Sambo ya ɗauko wuƙa da igiya ya biyo shi, yana wasa wuƙar a tafin hannu. Suka yi sallama gidan Goggo Zaliha. Tsohuwa tana zaune tana ɓarar gyaɗa, sai ta ga an wuce ta an nufi turke. Kafin ta miƙe, Sambo ya kayar da akuya, ya taka mata ƙafa, akuya tana ihu kamar ta san abin da ake ciki.

"Wayyo ni Zaliha! Sambo, mi akuyata tay yi maka?"

"Ni ma kira na anka yi, Goggo. Ɗanku yac ce Innarsa tac ce a yanka."

"A yanka? Akuya da ciki wata huɗu?"

Gogan ya gyara tabarau. "Goggo, ki kwantar da hankalinki. Layin farko: gidan Goggo Zaliha. Layin ƙarshe: a yanka akuya. Bayani ya fito sarai."

Goggo ba ta san layi ba, amma ta san muciya. Da ita ta raka su har ƙofar gida, Sambo a gaba, wuƙa a hammata, gogan a baya yana kare tabarau da baƙar jaka. Kwana uku Inna tana zarya gidan tana ba da haƙuri, har da ƙwaryar fura.

Da Inna ta titsiye shi, cewa ya yi, "Inna, laifin mai bayani na. Da kin sa ɗaurin akuyar a ƙarshe, da an ɗaure ta."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta dai gyaɗa kai sau biyu, irin gyaɗawar da ke nufin an ajiye magana a wuri mai kyau.

Bayan kwana biyu kuma jakin gidan ya tsinke igiya. Gogan yana zaune ƙofar gida da littafi, jaki ya bi ta gabansa, har ya tsaya ya shinshini jakar, sannan ya kama hanyar rafi abinsa. Can Malam Makau ya fito.

"Kai, ina jaki?"

"Ina zaɓin, Baba?"

"Zaɓin mi?"

"Tambaya ba ta zuwa tsirara. Sai da zaɓi huɗu."

"Ba ta gabanka yab bi ba?"

"Ya bi."

"To ina yan nuhwa?"

"Baba, wannan ilimin waje na. Malam ya ce abin da ka gani da idonka ba ya shiga amsa, sai abin da bayani yah hwaɗi. Kai kuwa ba ka ba ni bayani ba."

Malam Makau bai yi faɗa ba. Ya shiga zaure, ya ɗauko sabuwar galmar nan, ya fito da ita ya jingine ta daidai gefen gogan, ya shafa mata ƙota kamar mai lallashin yaro, sannan ya tafi neman jakinsa.

Ana saura kwana uku jarrabawa, aka ce kowa ya je shagon kwamfuta ya fitar da takardarsa, wadda ke nuna wurin da zai zauna da lokaci. Gogan da Mansura suka je tare. Ita tana karɓar tata ta tsaya ta karanta tun daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun gefe. Shi kuwa ko kallon kirki bai yi wa tasa ba. Ya naɗe ta gida uku, ya tura tsakiyar ciki, ya sa fil ya maƙale, ya zama sama da ƙasa kaɗai ake gani. A sama ga sunansa da hotonsa. A ƙasa an rubuta a zo da wuri, ban da waya.

"Yaya, mu ga taka. Ina sunka kai ka?"

"Kada ki taɓa min takarda."

"Ai na leƙa sadda ake bugawa. Wuri ɗaya munka samu, Asabar ƙarhe tara. Nan Anka na, sabon ɗakin kwamfutocin nan na bayan gidanmu."

Gogan ya yi wata dariya ta tausayi, irin ta likita ga mai jinya.

"Mansura, Mansura. Shi ya sa nike jin tsoron a kayar da ke. Na ɗaya, abin da kika hwaɗi ilimin waje na, daga bakinki yaf fito. Na biyu, zauna ki ga aiki."

Ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke.

"Tambaya: ina za ni zama jarrabawa? Zaɓi huɗu. Anka. Bukkuyum. Gummi. Gusau. To, bismillah. Anka: bayan gidanmu, in fito da silifa in shiga? Jarrabawar da tak kayar da ni sau biyu ita za ta biyo ni har gida? Wanga sauƙi ya yi yawa. Tarko na." Ya soke Anka. "Gusau: ta yi nisa. Kore ta." Ya soke Gusau. "Saura biyu, Gummi da Bukkuyum. Wace ta fi tsawo?"

"Yaya, don Allah buɗe takardar ka duba. Daƙiƙa biyu."

"Wace ta fi tsawo, nac ce?"

"Bukkuyum."

"Kin gani? Ko minti ɗaya ban cika ba."

Mansura ta kai ƙara wurin Inna. Ta tsuguna a tsakar gida, ta ɗora murfin kwalba biyu a ido a madadin tabarau, ta share ƙasa, ta yi muryar yayan nata tsaf: "Wanga sauƙi ya yi yawa. Tarko na." Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗauka shaƙiyancin Mansura ne kawai, don ba ta taɓa zaton akwai mai hankalin da zai bar bayan gidansu ya tafi wani gari ba. Da ta tambaye shi, sai ya ce, "Inna, komai na hannu." Ta bar shi.

Ranar Juma'a da yamma aka tayar da janareto a ɗakin kwamfutocin don gwaji. Ƙararsa har tana girgiza kwanonin Inna. Mansura ta ce, "Yaya, ka ji ko?" Ya ce, "Haka tarko yake, da ƙara yake zuwa."

Asabar ana sallame sallar asuba ya saɓa jaka, ya bi ta gaban ɗakin kwamfutocin. Har ɗalibai sun fara taruwa, wasu zaune kan dakali suna bitar ƙarshe. Ya girgiza kai ya ce a ransa, Allah sarki, duk sun faɗa. Ya wuce tasha ya shiga motar Bukkuyum, aka matse shi tsakanin buhun albasa da wani mai kaji.

Wajen takwas da rabi ya sauka. Ya tari wani mai shayi.

"Malam, ina ake..."

Mai shayi bai bari ya ƙarasa ba. Ya ga jaka, ya ga takarda a hannu. "Rajista? Bi nan, ka sha kwana, za ka ga layi. Yi sauri, tun asuba ake ta shiga."

Ya sha kwana, sai ga layi har bakin titi, kowa da takarda a hannu. Gogan ya ji wani sanyi a ransa. Ga amsa ta fito. Ya shiga layi. Abin da ya ɗan ba shi mamaki, 'yan jarrabawar bana duk sun manyanta. Na gabansa gemunsa fari fat, na bayansa da malfa da gora, wani ma da jikansa a kafaɗa. Ya taɓa na gaban.

"Baba, kai ma kana ciki?"

"Awo. Shekara huɗu ina zuwa, ban taɓa samu ba."

Gogan ya ce a ransa, ashe ni da sau biyu ma yaro ne. Ya sunkuya ya raɗa wa tsohon, "Baba, in ka shiga, farko da ƙarshe kawai za ka duba." Tsohon ya matsa gaba kaɗan, ya riƙe aljihunsa.

Rana ta take. Bazara ce, zafi kamar a gasa mutum. Sai wajen sha ɗaya layi ya kawo shi gaban teburi. Wani jami'i ne zaune da ƙaton littafi, gumi ya jiƙa masa wuya, ba ya ɗaga kai.

"Suna?"

Ya faɗa.

"Gari?"

"Anka."

"Tudu ko fadama?"

Gogan ya yi murmushi. An fara, kuma zaɓi biyu ne kacal. Doguwar ce. "Fadama."

"Gero, dawa, masara ko shinkafa?"

Ga zaɓi huɗu cif! Gero ya yi sauƙi, tarko ne. Dawa ma haka. Saura biyu. "Shinkafa."

"Da shanu kake huɗa ko da hannu?"

Nan ya ɗan tsaya, don tsawonsu ɗaya. Ya rufe ido ya ce, "Da hannu."

"Dangwala nan."

Ya dangwala. Aka ɗauke shi hoto, ƙyas, da tabarau da komai. Jami'i ya buga hatimi, ya miƙo masa wani koren kati.

"Na gaba!"

"Ranka ya daɗe, har an gama? Ina kwamfutar?"

"Wace kwamfuta? In taki ya iso za a yi shela, ka zo da katinka da buhu."

Gogan ya duba kati. Ga hotonsa, ga sunansa, a ƙarƙashi an rubuta: ƙaramin manomi, shinkafar fadama, noman hannu. Ashe rajistar wata ƙungiyar manoma ce ta rabon takin damina.

Da wani ne, yana ganin haka sai ya zare fil ya buɗe takarda. Gogan naku ko alama. Ya koma gindin wata bishiya, ya share ƙasa, ya sake lissafi. Bukkuyum ta faɗi. Anka an soke ta, Gusau an soke ta, kuma amsar da aka kora ba ta dawowa. Saura ɗaya tak.

"Gummi! Gummi! Saura mutum ɗaya!" in ji wani ɗan kamasho daga bakin tasha.

"Ka ji," in ji gogan. "Har shi ma ya sani."

Azahar ta gota kafin su isa, don sau biyu taya tana faci. Ya sauka a tashar Gummi ƙura har gira, cikinsa babu komai tun ruwan alwalar asuba. Ya tambayi mai rake, mai rake bai sani ba. Ya tambayi mai kifi, ta ce ita ɗanta ya gama tun bara. Daga ƙarshe aka nuna masa wani tsoho a rumfar mai faci, aka ce tsohon hedimasta ne, duk wata takarda shi ake kai wa.

Tsohon yana zaune kan benci, tabaransa ɗaure da zare ta ƙeya. Gogan ya gaishe shi ya miƙa takarda.

"Baba, ina ake jarrabawar shiga jami'a a garin ga?"

Tsohon ya karɓa, ya juya ta, ya ga fil. Ya fara zarewa.

"A'a, Baba, ba sai ka buɗe ba. Sama da ƙasa sun isa."

"Ɗana, shekara talatin da biyar ina karanta takardu. Ban taɓa karanta wadda ke sanye da fil ba."

Ya warware ta, ya shimfiɗa a cinya, ya goge da hannu. Ya ɗora yatsa, ya fara bi a hankali yana motsa baki, sak yadda gogan yake yi a da.

"Ra-na: Asabar. Yau ke nan. Lo-ka-ci: ƙarhe tara na sahe." Ya ɗaga kai ya kalli inuwa, ya mayar. "Wu-ri: Anka." Ya sake ɗaga kai. "Ɗana, daga ina kake?"

"Anka."

"Daga ina?"

"Anka, Baba."

"Ka san wurin ga da sunka rubuta?"

Gogan ya leƙa. Karon farko ke nan da idonsa ya sauka a tsakiyar takardar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, da manyan baƙaƙe, an ma kewaye shi da akwati.

"Katangarmu ɗaya," ya ce a hankali.

"To mi yak kawo ka Gummi?"

"Bukkuyum ta ba daidai ba."

Mai faci ya ajiye guduma. Mai rake ya matso. Tsohon ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake duban gogan tun daga sama har ƙasa, tsakiya ma bai bari ba.

"Jami'a kac ce za ka?"

"Ana kan tattaunawa," in ji gogan, amma muryar ba ta fita sosai ba.

Ana kiran magariba ya shigo gida, ƙafa na ja. Ɗakin kwamfutocin bayan gida an kulle, an kashe janareto, sai ledojin ruwa a ƙasa. Mansura tana tsakar gida tana ba Inna labari: ta gama da sauran minti bakwai, kuma tambayoyin auna fahimta guda biyar, huɗu a sakin layi na tsakiya amsarsu take.

"Kujerarka na kusa da tawa, Yaya," ta ce. "Sau ukku suna kiran sunanka. Har mai gadi yac ce bari ya leƙa ta katanga ya kira ka."

Malam Makau ya fito daga zaure da carbi.

"Ƙaƙa jarrabawa?"

Gogan ya laluba aljihu don ya fito da takarda ya yi bayani. Sai koren kati ya faɗo. Tsohon ya ɗauka, ya miƙa wa Mansura. Ta gyara murya, ta ja zane sama kamar Malam Nuraddeen yana jan wando, ta buga ƙafa sau uku.

"Ku lura da kyau, jama'a masu sauraro. Ƙaramin manomi. Shinkafar fadama. Noman hannu."

Malam Makau ya karɓi katin, ya duba hoton, ya duba ɗansa.

"Masha Allah. Shekara huɗu ina neman katin ga ban samu ba. Kai zama ɗaya kac ci." Ya shiga zaure ya fito da galma, ya ɗora masa a kafaɗa, ya zare baƙar jaka ya rataye a ƙusa. "Gobe da sahe a fara sharar gona. Kunya ta farko da ta ƙarshe da duk abin da ke tsakaninsu."

Gogan ya zube kan tabarma, galma a gefe. Ba jami'a ce a ransa ba a lokacin, ƙamshi ne. Tuwon dawa da miyar sure, har da man shanu, ƙamshin ya cika gidan.

"Inna, yunwa. Tun asuba ban sa komai a bakina ba."

"Sannu, ɗan nan. Ga naka nan na aje maka."

Ta shiga madafa ta fito da babban kwanon nan mai fure, wanda ake fitarwa sai an yi baƙi, a rufe ruf. Ta dire a gabansa da hannu biyu. Ta kawo ruwan wanke hannu. Gogan ya wanke, ya naɗe hannun riga, ya yi bismillah, ya ɗaga murfi.

Wayam. An wanke kwano tas, har yana ganin tabaransa a ciki.

"Inna, ina tuwon?"

"Ga murhi a sama, ga gindin kwano a ƙasa. Ci farko da ƙarshe, ɗan nan. Na tsakiyar yashi na, na ba akuyar Zaliha."